Kilomita Talatin, Darduma Ɗaya

Tun da aka ji cewa yaron gidan da ke kallon namu zai kai mahaifiyarsa Umra, majalisarmu ta gindin darbejiya ta samu abin taunawa. Makka da Madina ba su kawo gardama ba, don kowa ya san abin da zai yi in Allah ya kai shi. Jidda ce ta raba kan mutane. Jirginsu na dawowa sai can tsakar dare zai tashi, ga yini guda a hannu, Hajiya kuma ta rantse ba za ta tako Hanwa ba sai ta ga teku da idonta, saboda kishiyarta ta gani shekarun baya, har yau ba ta bar kunnen kowa ya huta ba. Yaron ya duba waya, ya ga bakin ruwan Jidda, wanda suke kira Kurnish, ya kai wajen kilomita 30, kusan daga Kwangila zuwa Giwa ke nan. Shi ne ya zo bayan isha'i, ya durƙusa ya gaida manya, ya ce, "Baba, to ta ina ya kamata mu sauka?"

Kai ka ce gidan rina ya taɓa.

Mu fa da muke wannan hayaniya, babban ruwan da muka tashi muka gani shi ne Kubanni, wanda da rani akuya ke tsallake wasu wurarensa ba ta jiƙa gwiwa ba. In an matsa a ce Galma, ko dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda muka sha bulala muna yara saboda an gan mu a gefensa. Amma a daren nan babu wanda bai zama sarkin ruwa ba. Har mai shayi ya bar ƙwai yana ƙonewa ya matso.

Alhaji babba ne ya fara, kamar yadda aka saba. Shi ya yi aikin Hajji tun zamanin da alhazanmu ke shafe kwanaki a Madinatul Hujjaj suna jiran jirgi, kowa na gadin jakarsa. Ya gyara zama ya ce, "Ɗana, kada wani ya ruɗe ka. Ka ce wa mai tasi ya kai ku Hamra, wurin famfon Sarki Fahad." Famfon nan, in ji shi, ruwan teku yake zuƙa ya cilla sama fiye da mita 300, tun 1985 yake wannan aiki, kuma in dare ya yi aka haska shi da fitilu sai ka rantse farin gajimare ne aka kafe a tsaye. Ranar da ya fara ganinsa sai da hularsa ta faɗi don ɗaga kai. Abin da bai faɗa da farko ba, sai da aka tsokane shi, shi ne cewa daga nan zuwa tsohuwar kasuwar Balad ba nisa. A can ake sayen tsaraba: turare, dardumomi, jallabiyoyi, agogon yara. Wato dai a wurin Alhaji teku ƙari ne a kan kasuwa.

Malam, limamin masallacinmu na layi, ya yi gyaran murya. Ya ce shi bai ga abin da tsohuwa za ta yi da ruwa mai tashi sama ba, alhali can arewa akwai Masallacin Rahama, wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwan kansa, har in ruwa ya cika sai ka ga kamar yawo yake yi a kai. Ga wurin alwala, ga sashen mata, ga inuwa, kuma ya fi kusa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ba za a yi ta zullumin cunkoso ba. Wani daga baya ya ce ai a daidai nan ne ma Fir'auna ya nutse, wani alhaji ya nuna masa wurin da yatsa. Malam ya yi murmushi ya ce Bahar Maliya dai ita ce, amma tsawonta ya kusa kilomita 2,000, ƙasar Masar kuma tana can sama nesa, don haka wanda ya nuna masa ya ci bashin yatsa. Aka kwashe da dariya, mutumin ya ce shi dai abin da aka gaya masa ya faɗa.

Sai ga ɗan autan majalisa, wanda bai taɓa wuce Abuja ba amma ya zagaye duniya a YouTube. Ya ce duk tsohon yayi ake faɗa. Akwai sabon sashen da aka buɗe a 2017, mai fitilu da wurin wasan yara da gadar kamun kifi, a can gefen ne ma ake tseren motocin Formula 1 tun 2021. In kuma iyo ake so, a zarce Abhur.

"Iyo?" in ji Alhaji. "Kai, Hajiyar ce za ta yi iyo?"

Nan maganar ta mutu, ba a ko yi mata jana'iza ba.

Direban tirela da ke zaune a ƙarshen benci, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Ikko, ya ce su yi godiya ga Allah da ruwan Jidda mai ladabi ne. Tekun Legas ba ya jin magana. Ya tuna Bar Beach, a gefen titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, inda talaka ke zuwa ya sha iska ba tare da an tambaye shi ko kwabo ba, inda kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a farkon shekarun 1970. Yau babu shi. An cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Bakin ruwan Landmark ma a 2024 aka rushe masa gaba don babbar hanyar Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage ta wajen Lekki kusan duk sai ka biya a ƙofa, ka biya kujera, ka biya rumfa. Tarkwa Bay ne ruwansa ke da sauƙi, amma sai an shiga jirgin ruwa kafin a kai. Da jin haka mutum uku suka ce a cire su a lissafi.

Ni ma ina da tabona daga can, ban dai faɗa a majalisa ba don kada a samu abin yi da ni har Sallah. Na je wani bakin teku a Legas cikin shadda sabuwa da babbar riga ɗinkin Zariya, aska takwas, wadda aka yi wata biyu ana yi mata aikin hannu. Na biya kuɗin shiga, na wuce masu kiɗa, na wuce masu kwalabe, ina neman wurin da mutum zai tsaya ba a gan shi cikin abin kunya ba. Can na hangi dawaki, na ji ana Hausa. 'Yan uwa ne masu ba da hayar doki a ɗauki hoto, ga mai tsire a gefensu. Na ce alhamdu lillahi, na iso gida. Na naɗe ƙafar wando, na riƙe takalmi a hannun hagu, na taka zuwa inda yashi ya jiƙe. Igiya ta farko ta lashi yatsuna ta koma, na ce ashe abin ba wuya. Na sunkuya zan ɗanɗana in ji ko da gaske akwai gishiri. Ta biyun ce ta same ni a ƙugu. Iska ta shiga babbar riga ta buɗe ta kamar laima, yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, takalmi ɗaya ya tafi, bai dawo ba. Wani yaro mai doki ya kamo hannuna yana cewa, "Kawu, ba a juya masa baya, ba a kuma sunkuya masa." Gishirin dai na ji shi, har a hanci.

Tun daga ranar nake lura da yadda muke zaɓen wuri a bakin ruwa, ko a Legas ko a Jidda ko a Kwatano wajen masu sayen mota. Bature yana neman inda rana ta fi zafi ya kwanta, mu kuwa inuwa muke fara nema. Daga nan mu tambayi alƙibla. Sai a duba ina bayan gida, ina mai abinci, ina za a samu mota in an tashi, kuma su wa ke zaune kusa, don ba ko'ina ake shimfiɗa darduma da iyali ba. Ruwan kansa shi ne na ƙarshe a lissafi. Muna so mu gan shi, mu ce Allahu Akbar, mu tsoma ƙafa sau ɗaya, wani ya yi alwala da shi don malamai sun ce ya halatta, a ɗauki hoto, a ja baya a buɗe ledar kazar Albaik. Wasu na ganin wannan ƙauyanci ne. Ni ban gani ba. Mutumin da ya taso a tudu ya san iyakarsa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar yaron da kududdufi ya ci a damina ba zai yi wa teku rawar kai ba.

Da aka juyo kaina, na bi bayan Malam. Na ce tsohuwa ce, ta gama ɗawafi da sa'ayi, ƙafafunta sun gaji. A kai ta Masallacin Rahama da la'asar sakaliya, ta ga faɗuwar rana a kan ruwa, ta yi magariba, su wuce filin jirgi cikin natsuwa. Direba ya goyi baya, mai shayi ma haka, ko da yake ba a tambaye shi ba. Alhaji ya ce mun haɗa baki ne, ya tattara babbar rigarsa ya shiga gida bai yi sallama sosai ba.

Washegari da safe yaron ya same ni a ƙofar gida. Ya ce ya kai wa Hajiya shawarar majalisa dalla-dalla, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tura jikarta ɗakin kishiya ta aro wani tsohon hoto mai firam. Ga kishiyar a tsaye cikin baƙar abaya, ga farin ruwa ya miƙe sama a bayanta. Hajiya ta ɗora yatsa a kai ta ce nan za a kai ta, kuma nata hoton ya fi wannan girma.

Hamra za su sauka. Alhaji ya riga ya aika da sautun turare daga Balad.