Zumar Shayina Ta Koma Fuska

Tun shigowar hunturun bana nake cigiyar zumar da na sayo don shayin safe. Ashe tana nan cikin gidan, mazauni kawai ta sauya: daga kwalba ta koma fuskar uwargida. Kurkum ya bi sahu, ƙwai biyu suka yi musu rakiya, ko madarar yara ba ta tsira ba. Ranar Asabar na shigo na tarar da mace a tsakar gida, fuska kamar an tsoma ta a garin ɗorawa. Saura ƙiris in ce na yi ɓatan gida.

"Maigida, gyaran fata ne," in ji ta. "Ba ka ga yadda iskar nan ke busar da mutum ba?"

Gaskiyarta. Hunturu na tsotse danshin fata har ta tsattsage. Kuma na gode Allah da ba man bilicin take shafawa ba, irin mai sinadarin makuri da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Abin da ya ɗaure min kai, duk karatun nan a TikTok take ɗaukarsa da ƙarfe biyun dare, lokacin da ya kamata fatar ta samu barcin da take gyara kanta da shi.

Da Hajiyata ta zo daga ƙauye, uwargida ta durƙusa ta tambayi sirrin laushin fatarta. Hajiya ta ce man kaɗanya bayan wanka, kauce wa ranar tsaka, sai kwanciya bayan isha'i.

"Shi ke nan, Hajiya? Babu wani haɗi?"

Washegari na tarar an juye ragowar zumata cikin man kaɗanyar Hajiya.