Jinyar Hajiya

A ƙasar Funtua, tsuntsun gida da ya fara ɗingishi magani ɗaya aka san masa, wato wuƙa. Kaza ce, zabo ne, talotalo ne, da zarar ya ja ƙafa sai uwargida ta ɗora ruwa a wuta, a aiki yaro sayen tattasai, a nemo namijin da ke kusa ya yi bisimilla kafin abin ya zama mushe. Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kuma tun kakanni aka yanke hukuncin cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Ni kaɗai ne a unguwarmu na ɗaukaka ƙara. Har gobe ina nan a kan bakana, ko da yake 'yan majalisar ƙofar gidanmu sun naɗa ni Sarkin Agwagi ba tare da sanin Sarkin Maska ba.

Ba ni na sayi agwagwar ba. Surukata da ke Malumfashi ce ta aiko wa Auta, takwararta, da ita cikin kwali, tana 'yar mitsitsiya, wai yarinya ta fara koyon kiwo. Yara suka riƙa cewa "agwagwar Hajiya". Da tafiya ta yi tafiya suka gaji da dogon suna, suka yanke shi ya koma "Hajiya". Na so in tsawata, amma duk wanda ya ga yadda take ratsa tsakar gida, ƙirji a gaba, tana rangaji, ba ta sauri don kowa, ya san sunan ya riga ya zauna.

Agwagin unguwa wuni suke a kwata da kududdufi, suna tsintar tsutsa da gara da talibambam da ɗanyar ciyawa. Uwargida ta ce ita ba za a je a yi wanka a kwata a dawo mata tsakar gidan da aka sha wahala aka yi wa siminti ba. Saboda haka Hajiya ta shiga kulle. Abinci kuwa ni na ɗauki nauyinsa, kuma ban yi rowa ba: tsakin masara da safe, da rana, da yamma, daga gonata ta hanyar Bakori, ba gauraye, ba algus.

A nan sai an yi mini adalci. Mahaifina ya sha ba mu labarin cewa a ƙuruciyarsa masara abar bayan gida ce, a gasa da damina a ɗan taɓa. Auduga ce mai gari, ita ta sa aka kafa injin gurza a Funtua da Malumfashi, ita jirgin ƙasan da ya ratsa ta nan zuwa Ƙauran Namoda tun 1929 yake kwasa. Sai a 1975 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, aka zo da taki da sabon iri, masara ta fita daga bayan gida ta cinye daji. Yau tireloli ne ke lodinta a kasuwar Dandume zuwa gidajen kajin Ibadan da Legas. To, hatsin da ya riƙe kajin Kudu kaf, a ce ya kasa riƙe agwagwa ɗaya tal? Ko a gaban alƙali wannan hujja ce.

Tana cikin wata na biyu ƙafafun suka fara ba da kai. Gwiwoyin suka kumbura, ƙafafun suka lanƙwashe waje. Ta yi taku kaɗan sai ta zube kamar buhun takin da aka jingina ya zame. Auta ta daina cin abinci, ta zauna kusa da ita tana kuka mai shiga rai, irin wanda uba ba ya iya kallo ya wuce masallaci hankali kwance.

Na kai maganar majalisa, inda kowa likita ne in dai jikin ba nasa ba ne. Wani ya ce kafso ja da rawaya, a fasa a ruwa. Wani ya ce barkono. Wani ya ce a jiƙa ɓawon maɗaci. Wani tsohon direban tirela ya ce in yi hankali, agwagwa ba a wasa da alhakinta, direbobi in sun take ta sai sun tsaya sun sa mata kuɗi a baki. Maƙwabcina mahauci bai ba da shawarar komai ba. Kullum da safe dai sai ya yi sallama ya ce, "Malam, ya mai jiki?" idonsa na kan ƙirjinta.

Na naɗe ta a tsohon zani na nufi wurin mai ɗori, dattijo ne abokin mahaifina. Na tarar da layi: ɗan acaɓa da ƙafa ɗaure cikin kara, sai wani yaro da ya faɗo daga mangwaro. Da na buɗe zanin, dattijon ya dube ni, ya dubi abin da ke ciki, ya ce, "Ɗana, lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ƙafa ce."

Allah ya saka masa, bai kore ni ba. Ya shafa ƙashin tun daga cinya har yatsu, ya ce babu karaya, babu gocewa, wannan ba aikinsa ba ne. Sannan ya gyara zama ya ce lokacin da ya zauna a Kudu ya ga masu ɗorin can in an kawo mutum sai su karya ƙafar kaza, su ɗaure ta tare da ta majinyacin, ranar da kazar ta taka shi ma ya taka. "To yau ga tsuntsu ne majinyacin," in ji shi. "Ƙafar wa za mu karya?" Ya sauke ido a kan tawa. Ɗan acaɓan nan ya yi dariya har karan ɗorinsa na kaɗawa, yana salati yana riƙe cinya.

Sai asibitin dabbobi ya rage, shi kuma da safe ake zuwa, ni kuwa malamin firamare ne. Na shiga ofishin hedimasta na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya ce ƙafa ta riƙe, ba ta iya tashi. Ina so in kai ta a duba."

Ya ajiye biro. "Subhanallahi! Tun yaushe? Tana cin abinci?"

"Tsaki kawai take ci."

"Tana magana?"

"Sai dai huci, ranka ya daɗe."

Ya dafe kai, ya ce in tafi kada in damu da aji. Ina so mai karatu ya sake bin amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya ya nuna mini inda na yi ƙarya. Irin agwagwarmu ta gida ba ta da kwakwazo, huci take yi. Kuma mutumin da rabin gari ke kiransa Sarkin Agwagi yana da haƙƙin ya ɗauka labarinsa ya kai ofishin shugabansa.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke mu ya so ya ɗaure mata ƙafafu ya rataye ta a kan mashin yadda ake yi wa kajin kasuwa. Na ƙi, na rungume ta muka tafi. A asibitin na zauna tsakanin wani Bafulatani mai bijimi da masu kiwon ragunan layya, kowa da dukiyar da ta isa a tashi da asuba dominta. Bafulatanin ya leƙa zanina ya ce, "Ita ke nan?" Na ce ita ke nan. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya matsa gefe.

Likitan saurayi ne, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma shi ne mutum na farko da bai yi dariya ba. Ya fara yaba mini da ban bari an rataye ta ba, ya ce ƙafar agwagwa ba ta da juriyar ta kaza, a jiki ake ɗaukarta. Ya juya tafin ya duba ko akwai ƙurji, don siminti kan goge fatar, ƙwayar cuta ta shiga ta tara mugunya. Ya ce an yi sa'a, kanta ce kawai ta fara. Sannan ya tambayi abin da take ci.

Na ce, "Masara."

"Sai me?"

"Sai ruwa."

Ya ce to ga ciwon nan. Akwai wani sinadari, nayasin, ɗaya daga cikin dangin bitamin B, wanda 'ya'yan agwagwa ke buƙata fiye da 'yan tsaki, don ƙashinsu da gaɓoɓinsu na girma da sauri. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, hanjin tsuntsu ba ya iya kwance shi. Kajin Ibadan da nake taƙama da su ba zallar masara suke ci ba, ana haɗa musu da waken soya da garin bitamin. Agwagwar kwata kuma tana samun nata a tsutsa da ƙwari da ganye. Ya rubuta garin bitamin da za a riƙa zubawa a ruwan sha, ya ce a ƙara mata tunkuza da zogale da ƙananan kifi, amma kada gyaɗa mai fumfuna ta kusance ta, don dafin fumfuna ya fi yi wa 'ya'yan agwagwa illa a kan kaji. A shimfiɗa mata buntun shinkafa a kan simintin. Kuma kullum a sa ta cikin ruwa mai ɗumi ta motsa ƙafafun ba tare da nauyin jiki ba, a tsaya a kanta kada ta gaji.

Daga baya na bi diddigi na gano abin haushi. Irin agwagwar nan mai jan fuska daga nahiyar Amurka aka kawo ta. Masara daga Meziko take, inda tun fil azal suke dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa, abin da ke kwance sinadarin. Gyaɗar da za ta yi maganin ita ma daga Kudancin Amurka take. Rigimar 'yan nahiya ɗaya ce aka tsallako teku aka zo aka ƙarasa a tsakar gidana.

Ina shirin fita ina lissafin cewa in ta warke ta yi ƙwai, ta kwanta kwana 35 ɗin da agwagwa ke yi, 'ya'yan za su biya ni abin da na kashe, sai likitan ya ce, "Af, Malam, Hajiyar nan taka fa toro ne. Dubi faɗin ƙafar da girman jikin. Shi ya sa nauyin ya fi ƙarfinsa." Da na kai labari gida, Auta ta ce ita ba ta yarda ba. Sunan bai canja ba.

Babu abin da zai ɗauki toron agwagwa a gidan sai babban bahon uwargida na kayan aure. Ranar farko da na tsoma ta ciki ta gode mini da faratan nan nata masu kaifi, ta bi da mari da fiffike, ta jiƙa ni har hula. Uwargida na tsaye a ƙofar kicin tana kallon yadda nake gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu. Ta ce, "Malam, duk wankan jegon da na yi a gidan nan, ka taɓa tambayar ko ruwan ya yi zafi?" Na ce ai ni na sayi itacen. Ta ce Allah ya saka.

Ranar Asabar da hantsi ina tsugune gaban baho, na naɗe hannun riga, ina murza gwiwar agwagwa, sai na ji sallama da muryoyi da yawa. Hedimasta ne da malaman makarantarmu, maza a zaure, mata suka shigo ciki da lemo da kankana da madarar gwangwani. Ashe har karo-karo aka yi. Ashe kuma matar ɗaya daga cikinsu 'yar Malumfashi ce. Labarin da ya bar Funtua yana ciwon ƙafa, kafin ya wuce Bakori ya zama shanyewar ɓarin jiki, yana isa Malumfashi ya zama baki ya rufe, an ɓoye ta a gidan suruki. Mutane suka yi ta tururuwa gidanta don jajanta wa iyali, suka tarar da ita a tsakar gida tana yanka kuɓewar shanya.

Uwargida ba ta gama fahimtar wa aka zo dubawa ba sai ga wata sallamar. Wannan muryar na san ta. Hajiya ce ta ainihi, da ƙafafunta biyu, mayafi a kafaɗa, ta shigo ba ta sauri don kowa. Ban sha wahalar durƙusawa ba, dama a ƙasa nake. Matsalar ita ce abin da ke hannuna.

"Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina wadda ba ta magana, sai huci?"

Auta ta ruga ta rungume ta, ta nuna baho da murna. "Ga ki nan, Hajiya! Kin fara takawa!"

Matan nan suka cusa mayafi a baki. Daga zaure na ji hedimasta na tambayar me ke faruwa, aka faɗa masa, sai na ji wani abu ya faɗi, ina jin kujera ce. Hajiya ta sunkuya ta ɗaga ƙafar tsuntsun ta duba, ta dubi simintin, ta dubi kwanon tsaki. Ta juya wajen ɗiyarta ta ce, "Mi kuka yi haka? Kun kulle agwagwa kuna ɗura mata masara? Ku sake ta ta shiga kwata ta ci abin da Allah ya hore mata." Abin da na biya kuɗin acaɓa da na kati na jiyo ke nan, ta faɗe shi a tsaye kyauta. Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma wannan ai toro ne. Duk gidan ba mai ido?"

Baƙi sun cika gida, dole a ba su abinci. Aka aika wa mahauci, ya shigo da fara'a yana wasa wuƙa, aka nuna masa jan zakarana, lafiyayye, wanda ko tuntuɓe bai taɓa yi ba. Bayan an ci an sha, hedimasta ya tsaya yana jujjuya ambulan ɗin karo-karo, ya rasa wa zai miƙa wa. Hajiya ta aiko Auta ta karɓo, ta ce ai da sunanta aka tara. Lemon da madarar ma suka bi ta Malumfashi. An bar wa mai jinya ɓawon kankana.

Toron ya tashi. Ƙafar hagun ta ɗan karkace, likita ya ce haka za ta zauna tunda ƙashin ya riga ya yi ƙwari, amma ba ta hana shi zuwa kwata, ba ta kuma hana shi bin mahauci da gudu har bakin titi duk ranar da ya gilma. Kwanan baya uwargida ta miƙo mini waya ta ce Hajiya na son magana da ni. Na miƙe tsaye na cire hula, na gaishe ta. Ta ce gwiwarta ta dama ce ke damunta tun shigowar sanyi, in akwai sauran garin nan na likita in ba direban Malumfashi ya kawo mata.