Kafin Ka Sayi Tocila a Barnawa, Shawarci Haƙoranka

Duk mai sana'ar da ke kaiwa bayan magariba yana aiki tsakanin Barnawa da Narayi da Kakuri iyayen gidansa biyu ne: wanda ya koya masa aiki, da wanda ke ɗauke masa wuta. A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin lantarki bisa alkawarin awa 20 a rana, 'yan rukunin E kuwa rabonsu awa 4. Ko a wane rukuni Kaduna Electric ta ajiye layinku, ragowar awannin naka ne, daga kai sai tocilarka. Wanda kuma ya ga Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yawancin Arewa ta haura mako a duhu, ba sai an yi masa wa'azi ba. Mun dai ci gaba, tunda an wuce zamanin aci-balbal da fitilar ƙwai da waccan ta faifan CD da aka laƙaba wa Obasanjo-ya-kasa. Yanzu da caji ake shan wahala.

To, malam, ka tashi saye. Ko a shagunan Barnawa Complex ne, ko ka haye gada zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, farillar farko ita ce ka kifa kwalin. Kada ka karanta shi, ba don kai aka rubuta ba. Za ka ga an zana lumen 100,000 da jan rubutu a jikin tocilar da za ta shige aljihun 'yar shara. Lumen ma'aunin yawan haske ne, kuma tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kusan 800 yake bayarwa. Ke nan mai kwalin yana rantsuwa cewa ƙwai 125 ya ɗura maka a tafin hannu. Da gaskiya ne, da ranar da ka fara kunna ta a titin Aliyu Makama sojojin sama za su taso daga Mando su ji wanda ya buɗe sabon filin jirgi. Ɗan ƙwan da ke cikin yawancin irin waɗannan tocilolin, wanda ake rubuta wa T6, ko an matsa masa iyakarsa wajen 1,000. Kai kuma da za ka shiga ƙarƙashin Golf neman inda mai ke ɗiga, 300 ta ishe ka har da canji. Abin da ya wuce haka ƙarfe ne zai maido maka da shi cikin ido, ka fito kana lalube.

Sai gwaji. Al'adarmu ita ce a gwada tocila da tsakar rana, mai saye ya dalla wa idonsa, ya ga taurari, ya ce "lallai tana da ƙarfi," ya biya. Ka bar wannan al'ada. Kowace tocila jaruma ce a minti biyar na farko. Kunna ta ka ajiye a kan teburin mai kaya, sannan ka buɗe gaisuwa: ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya muka ji da tsadar masara, an samu labarin mutanen Zariya kuwa? Ka ja ciniki har ya ce albarka sau uku. In rubu'in awa ya cika, duba hasken ka taɓa kanta. Ɗumi kaɗan ba laifi, alama ce zafin yana fita. In kuwa hasken ya yi laushi, ko kan ya isa soya ƙwai, ka yi masa fatan alheri ka wuce. Zai ce maka, "Oga, wallahi awa 12 take yi." Mai yiwuwa bai yi kaffara ba, domin a ƙa'idar awo ta Amurka mai suna FL1, wadda aka fitar a 2009, ana ci gaba da ƙirga lokaci har sai haske ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100. A cikin awa 12 ɗin nan har da na jinya da na wasiyya.

Maganar batir ce ke raba gardama, kuma a nan ya kamata ka zauna. Manyan tocilolin roba masu bakin caji mai ƙafa biyu da ake turowa daga gindi, galibi batirin darma ne a cikinsu, ɗan ƙanin na mota. Yana da nauyi, yana da zuciya, in ka bar shi ya kwana biyu babu caji sai ya yi yajin da ba biko. Ɗaya ɓangaren shi ne litiyam, mai lamba 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65. Na kirki nauyinsa wajen giram 45, kuma manyan kamfanonin duniya da injiniyoyinsu ba su iya ɗura masa cajin da ya wuce kusan mAh 3,500 ba. Saboda haka in ka ga an rubuta 9,900, ka gaida marubucin, ya fi su ilimi. An sha fasa irinsu a tarar da ɗan mitsitsin batir, sauran wurin an cike da yashi ko gari. Nemi tocilar da ake kwance gindinta a zare batirin a sa wani. Masu gyaran kwamfuta suna ciro irin waɗannan daga tsofaffin batiran laftof, kuma tsohon na gaske ya fi sabon jabu aure. Sharaɗi biyu ne kawai: kada ka bar shi a gaban mota cikin zafin Afrilu, kada kuma ka yi masa caji ƙarƙashin matashi, sai fa in kana da dangi a hukumar kashe gobara.

Bakin caji ya zama irin na wayarka. Da haka mai cajin bakin layi, da sola, da fawa-bank, da motar kwastoman da ka ce masa "sai gobe," duk sun zama tasharka. Mai shiga soket kai-tsaye kuwa tana jiran daren da za a maido da wuta da ƙarfi ne ta yi bankwana. Akwai kuma wadda ta haɗa rediyo da fanka da Bluetooth da jiniya. Tana yin komai, har da haske jefi-jefi.

Daga nan sai ka dubi sana'arka, don a nan haƙora suka shigo. Bakanike hannu biyu Allah ya ba shi, ɗaya na sufana ɗaya na noti, shi ya sa tocila ke ƙarewa a baki. In ka nace a kan haka, ciza ta tun a shago ka ji ko muƙamuƙinka zai ɗauka, mai kaya ya saba gani. Wanda ke son ya ci tsire bayan ya haura hamsin sai ya sayi ta goshi, ko mai maganaɗisu da ke manne wa bonet. Sai dai ta goshi tana da nata fiƙihun: duk inda ka juya nan take dallawa. Alhaji ya zo karɓar mota ya yi sallama, ka ɗago da fara'a, ka kashe masa ido. Ita ce na'ura ta farko da ta tilasta wa yaran gareji sunkuyar da kai in suna gaida manya.

Mai wayarin ya guji mai jikin ƙarfe, tunda wutar da aka ɗauke ba ta aiko da goron dawowa. Ya kuma guji farin hasken nan mai shuɗi-shuɗi, wanda a cikinsa jar waya da ruwan ƙasa da baƙa kan zama 'yan uwa ɗaya. Mai tsire ma haka: shuɗin haske yana mai da naman yau na shekaranjiya, mai ɗan ja-ja kuwa yana rufa wa na shekaranjiya asiri, amma ba ni na faɗa ba. Mai gyaran famfo ya nemi rubutun IPX. In 4 ne tana jure yayyafi, in 7 ne za ta yi rabin awa a ruwa mai zurfin mita ɗaya. In babu ko ɗaya, kada Agustan Kaduna ya gan ta a waje. Mai zuƙowa da turawa, wadda ake kira mai zum, kowane ja tana shaƙar ƙurar hunturu, in damina ta zo ta sha ruwa ta wannan hanyar.

Maigadi kaɗai aka yarje wa mai dogon zango. Shi ma ya ƙirga danni kafin ya biya, domin akwai wadda kafin ta mutu sai ka bi ta mai ƙarfi, matsakaici, ƙarami, walƙiya, da neman agaji. Ka tashi duba akuya ƙarfe biyun dare, unguwa ta ɗauka sumame aka kawo.

Saura babban abokin gaba, wanda ba ya cikin kwali: "Oga, ara mini minti biyu." Tocila mai kyau ba ta mutuwa a hannun mai ita, hijira take yi. Yau tana wurin mai faci, gobe wurin mai shayi, jibi yaron shagonka ya tafi zance da ita unguwar Television. Don haka zaɓi launin da ƙato zai ji kunyar riƙewa, ruwan hoda ya fi. Ka karce sunanka da ƙusa, ka naɗe gindinta da baƙin salatif har ta yi kama da wadda ta sha gyara a Panteka. Sannan ka koma wurin mai kwalin lumen 100,000 ɗin nan ka sayi guda, ka rataye ta a ƙofar shago inda kowa zai gani. Ita ce ta aro. In maƙwabci ya dawo da ita yana cewa ba ta haske, ka girgiza kai ka ce kai ma haka kake fama.