Madalla da Icen da Ba Ya Tara Jama'a

Duk mai neman shaidar cewa Tirwun ta waye, ya zo layinmu ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Inda tsohuwar darbejiya take a da, yanzu intalok ne shimfiɗe tas, ko ganye ɗaya babu, an jera wasu korayen ginshiƙai masu ƙaya a jikin katanga, kowanne ya miƙe sama abinsa bai kula kowa ba. Kaktus ke nan. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙerana ce, irin wadda mutanen kan duwatsun Jos ke shinge da ita, to ya iya bakinsa. Ƙerana ta talaka ce, kyauta ake yanko ta. Wannan kuwa ɗan Kudancin Amurka ne, asalinsa Birazil, kuma kuɗi aka sa aka sayo shi wajen masu sayar da fulawa, aka naɗo shi da kwali a bayan mota.

Sai da aka sare darbejiyar nan muka gane irin cutar da ta daɗe tana yi wa bawan Allah. Ga zubar ganye, ga tsuntsaye suna ɓata masa gilashin mota. Amma babban laifinta inuwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40, inuwa jama'a take kira. Tsofaffi su shimfiɗa tabarma bayan azahar, mai gyaran takalmi ya sauke akwatinsa, 'yan tallan gyaɗa su zauna ƙirga ciniki, mai Keke ya faka ya ɗan runtsa. A cikinsu kuma ba a rasa wani mai takardar asibiti a aljihu, ko mai 'yar da za a aurar, yana jiran fitowar maigida. Mutumin da ya samu inuwa yana iya jira tun daga hantsi har la'asar, kuma idan ka fito dole ku haɗa ido. Yanzu fa? Intalok ya ɗauki rana, ƙaya ta hana jingina, mai jira ya ɗan daddage, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce a gaida Alhaji idan ya tashi. Ba a kori kowa ba. Alhaji mutum ne mai kunya, bai taɓa buɗe baki ya ce wa wani tashi ba.

Hausawa sun daɗe suna zargin giginya, wai na nesa ke shan inuwarta. Aka samo wanda ya fi ta adalci: na kusa bai sha ba, na nesa ma haka.

Ku zo ku ga reno. Masu cewa Alhaji ba shi da tausayi ba su ga yadda ake lallaɓa icen nan ba. Idan aka yanki reshe za a dasa, ba a tura shi ƙasa nan take, sai an kwantar da shi a gefe mako ɗaya ko biyu, bakin yankan ya bushe, in ba haka ba ya ruɓe. Ƙasar ma ba kowace ba, yashi ake cakuɗawa da tsakuwa don kada ruwa ya kwanta. Abokin gabarsa shi ne watan Agusta. Idan marka ta zauna saiwarsa ta jiƙe, sai gindin ya yi laushi ya yi baƙi, wata safiya a tarar da dogon a kwance. Saboda haka aka kira kafinta ya kafa masa rumfar kwano mai ɗaukuwa, a sa da damina a cire da kaka. Maigadi, wanda ya yi shekara da shekaru yana raɓewa a lungun get idan ana ruwa, ya yaba da aikin ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin rumfa mai kyanta ba. Akwai kuma wani famfo da ke jikin katanga ta waje, wanda yaran layi ke ɗiban ruwan bohol a cikinsa duk ranar da ruwan madatsar Gubi bai zo ba. Yara ba su iya ɗiba ba tare da zubarwa ba, ruwan kuma gangarowa yake gindin kaktus. Lafiyar shuka ce ta sa aka toshe famfon, 'yan garuwa kuma suna ta sa albarka.

Masana tsirrai sun ce da rana icen nan rufe kafofin jikinsa yake ruf, don kada ko ɗigon ruwa ya fita, sai dare ya raba ya buɗe ya shaƙi abin da yake bukata. Da na ji haka na daina mamakin yadda jininsa ya haɗu da na Alhaji.

Sai maganar fure, wanda saboda shi aka yi duk wannan hidima. Allah ya yi halitta a nan, ba na musu. Fari ne sol, faɗinsa ya kai tafin hannun babba, yana tsirowa daga gefen ginshiƙin a kan wani dogon wuya. Bayan isha'i yake fara buɗewa, tsakar dare ya cika, kafin hantsi ya yi yaushi ya rataye kai, shi ke nan an gama da shi. A ƙasarsa jemagu da manyan ƙwarin dare ne baƙinsa. A nan kuwa lokacin janareto na ruri, Alhaji na ciki yana shan sanyi, don haka aka ɗora wa maigadi aikin kallo.

"Ranka ya daɗe, jiya ɗaya ya buɗe."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Yallaɓai, har uku."

Kafin a karya kumallo hoton ya hau WhatsApp da Facebook, ana ta zuba ma sha Allah daga Abuja har Jidda. Furen da mai shi bai taɓa gani da ido ba, ga shi duniya ta gani. In wannan ba ci gaba ba ne, a faɗa mini sunansa.

Yana 'ya'ya a inda ya samu yadda yake so, jajaye masu farin ciki da ƙananan baƙaƙen iri, kuma ana sha. Sai dai da yawa daga danginsa ba su ɗaukar 'ya'ya sai an kawo musu garin fure daga wani tushe dabam, na Alhaji kuwa duk daga uwa ɗaya aka yanko su. Wata rahamar ke nan. Babu yaron da zai yi jifa, babu mai hawa katanga. Malamai kan tunatar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga abin da ka dasa, sadaka ce a gare ka. Alhaji ya fi son ya san adadin sadakarsa da kuma wanda ya ba, a gaban shaidu.

Mahaifiyarsa ce kawai ba ta gane ba. Ranar da aka kawo ta daga cikin gari ta daɗe tana duban abin.

"Ɗan nan, ana miya da shi?"

"A'a, Hajiya."

"Magani fa? Ko akuya na ci?"

"Ado ne, Hajiya."

"To. Allah ya sa albarka."

A yi mata uzuri, ta tashi a zamanin kuka da zogale da tsamiya da ɗorawa, lokacin da ake tambayar ice abin da ya kawo wa gida. Gaskiya a arewa maso gabashin Birazil, inda suke kiransa mandakaru, makiyaya kan babbake ƙayarsa su ba shanu idan fari ya tsananta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a cikinsa, kada ya kai kunnen masu kiwon layinmu.

Tsohon tunani ne ke damun mutane. Malam Yakubu, ɗan Tirwun ɗin nan, da ya kafa Bauchi a 1809 sai ya zagaye gari guda da ganuwa, mai kuɗi da matsiyaci duk a ciki, ya bar ƙofofi, har ɗaya take amsa sunan Tirwun. Wahala ke nan. Yau kowa da ganuwarsa, kwalba a sama, waya a kan kwalba, ƙaya a gindi. Haka ita ma gwamnati, tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, ake ta jigilar dashe a jihohi 11 na arewa, har da Bauchi, wai a tare hamada. Alhaji ya gama tasa koriyar ganuwar a yini ɗaya, kuma ya ɗauko ɗan gidan fari ya ajiye a ƙofa, ko da hamadar ta iso ta tarar da ɗan'uwa.

Masu hassada za su ce a Afirka ta Kudu wannan ice, da suke kira sarauniyar dare, ya tsere daga lambunan ado ya mamaye makiyaya, tsuntsaye na yaɗa irinsa, har doka ta hana dasa shi, aka shigo da ƙwari daga Kudancin Amurka don su ci shi. Mu ba mu bukatar tsuntsu, muna da maƙwabta masu son koyi. Gida uku sun karɓi reshe, mangwaro biyu sun faɗi. Kwamitin masallacin layi ma ya lura cewa saiwar tsamiyar harabar tana ɗaga tayil, Alhaji kuma ya yi alkawarin intalok da dashe, fi sabilillahi. Mai injin yanka zai zo ranar Asabar, itacen kuwa masu gidan burodi sun riga sun ba da kafin alƙalami.