Shahon da Ya Zo Cin Fara Daga Turai

Idan kaka ta wuce, an girbe dawa, gonakin bayan Wudil sun zama fili fetal sai kututturan kara, akwai wani shaho da kan bayyana. Shi ba ya lulawa sama kamar shirwar da ke gadin mahauta ranar kasuwar Juma'a. Ƙasa-ƙasa yake bi, fukafukai a ɗage, yana tangaɗi. Namijin ruwan toka ne, ƙarshen fukafukansa baƙi.

Masu kallon tsuntsaye, 'yan yawo da madubin hangen nesa da littafi a hammata, sun ce iri biyu ne masu kama da juna: ɗaya da baƙin layi a tsakiyar fiffike, ɗayan babu. Matan kuwa duk ruwan ƙasa ne, da farin tabo a gindin wutsiya. A kansu masana kan yi ta musu har magariba, alhali tsuntsuwar tuni ta kai Gaya.

Mai layin, Montagu ake ce masa. A Turai yake ƙyanƙyasa, ya keto Sahara wajen watan Satumba, ba fasfo ba biza. Me ya kawo shi? Fara. Ɗanya ma, ko yaji babu.

Na zayyana wa wani dattijo mai gona wannan bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har na kai aya.

"Yaro, yana ɗaukar 'yan tsaki?"

"Ba kasafai ba, Baba. Fara ya fi ci."

"To ai wannan ɗan ƙwadago ne. Ka ce masa baɗi ya taho da ƙannensa."