Masu Sukuwa da Baki a Gidan Makama

Duk wanda ya taso daga Ɗan Issa, ya ƙetare iyaka ta Jibiya, ya ratsa Katsina har Kano don ya ga kayan hawa a Gidan Makama, ya sani doki kam ba zai gani ba. Sirdi ne da sulke da lifidi, sai hotunan hawan salla a jikin bango. Mahaya dai sun cika gidan, amma da baki suke sukuwa.

Jagoransu shi ne jikan barde. Mai bayani yana cewa ginin nan tun ƙarni na 15 yake, zamanin Muhammadu Rumfa, kuma Turawa sun yi ofis a ciki bayan sun ci Kano a 1903, shi ko a jikinsa. Sulke yake nema. Da ya gan shi sai ya dafe ƙirji: "Irin wannan kakana ya sa ranar da Ɗan Baskore ya fito daga Maradi ya nufi Katsina." Tambaye shi sunan kakan, nan take tari ya sarƙe shi. A gida kuwa kowa ya san gidansu jaki ma sai an yi aro.

Shi da sauƙi. Wanda ke sa mai bayani ya yi da-na-sanin fitowa aiki shi ne Malam Masani. Ba a gama jimla bai gyara ba. An ce linzami, ya ce ragama ce. An ce jalala, ya ce a dai sake dubawa. Ya tsaya gaban tsohon hoto mai baƙi da fari, ya rantse wannan dokin gunya ne, wancan bidi, na bayansu akawal. Akawal ɗin ya ci, tunda baƙi baƙi ne. Sauran fa? "Yaro, ta kunnuwa ake ganewa." Allah ya ba mu haƙuri.

Alhaji ɗan kasuwar iyaka bai zo jin tarihi ba. Ya ja ma'aikaci gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗan'uwa, likkafar nan nawa za a bar mini?" An ce ba ta sayarwa ba ce. Ya yi dariya, ya ce ai ba a taya ba ne. Kafin a fita ya mayar da kuɗin sirdin zuwa sefa, har ya cire na duwan.

Samari masu waya sun ji UNESCO ta sa hawan Kano cikin gadon duniya a 2024, don haka kowa ya juya wa kayan baya yana ɗaukar fuskarsa.

Hajiya ita lifidi ya tsone wa ido. Ta kimanta audugar da aka cusa a ciki, ta ce katifar amarya biyu ke nan aka yi wa doki, sannan ta nemi sanin wace baiwar Allah aka bar wa wankinsa.

Direbanmu bai shiga ba sam, yana mota yana barci. Amma daga Kano har Jibiya shi ya riƙe hira, yana ba mu labarin wani farin doki da ke ɗaki na uku, wai har haniniya yake yi da dare. Malam Masani ya ce ba fari ba ne, kili ne.