Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jan Fenti, Mai Hatimi a Bangon Talakawa

Daga birnin Daura, zuwa ga mai girma Jan Fenti, ma'abucin gwangwani da burushi, wakilin hukuma a kan bangayen da ba su kai rufi ba. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyarka da ta 'yan rakiyarka masu ɗauke da kai a bayan a-kori-kura.

Amma ba'adu, ranka ya daɗe, abin da ya sa na zaɓe ka da wannan takarda, na bar manyan da ke zaune a ƙarƙashin fanka, shi ne duk cikin ma'aikatan ƙasa da safiyo da tsara birane kai kaɗai ne ke da tawali'un takowa har ƙofar talaka ba tare da ya rubuta takardar roƙo ba. Sauran sai an neme su, a tarar sun tafi taro, a koma a tarar sun fita salla, a sake komawa a tarar fayil ɗin ne da kansa ya yi balaguro. Amma kai, da zarar magini ya aza bulo ya kai linta, sai a wayi gari a ga ka riga ka yi sallama, ka bar gicciye ja da 'yan kalmomin Turanci a jikin bango, ka wuce ko ruwa ba ka sha ba.

Na binciki nasabarka, na same ka ɗan babban gida. Kakanka na farko shelar nan ce da Turawa suka yi a 1910, wadda ta ɗora dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Ita ta haifi dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, wadda ita kuma ta haifi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, wadda aka ɗinke ta a cikin tsarin mulki don kada wani ya taɓa ta da sauƙi. Tun daga ranar, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, mu kuwa abin da muke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, ko da kuwa kakan mutum ya sha ruwan Kusugu tun kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Sandar da kake dogarawa kuma, wato ikon tsayar da gini da ikon rushe shi, dokar tsara birane ta 1992 ce ta miƙa maka. Saboda haka ba na jayayya da halaccinka.

Hasali ma, kada ka zaci ina cikin masu cewa ƙa'idar gini bidi'a ce ta Nasara. Malamanmu na Malikiyya sun riga Turawa wannan magana da ƙarnuka. Sun yi babi guda a kan raya mataccen wuri, suka bambanta na nesa da gari, wanda mutum ke rayawa ya zama nasa, da na kusa da gari, wanda sai da izinin shugaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan wannan mas'ala. Sun hana buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, sun yi hukunci a kan indararon da ke zuba a bangon wani, hadisi kuma ya ƙayyade faɗin hanya kamu bakwai idan aka yi saɓani a kanta. Akwai ma wani magini na Tunis, Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14, alƙalai suna aika shi duba gine-ginen da ake husuma a kansu, har ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda. Sai dai abin lura, Allah ya ba ka nasara, wannan ilimi a hannun magina da masu unguwanni yake yawo, mutum yana jin sa tun kafin ya sari ƙasa, ba sai ya kashe dukiyarsa sannan a karanta masa ba.

Wannan shi ne kukana na farko, kuma shi ne babba: ba ka san lokacin zuwa ba. Kowa ya ga yadda Daura ta buɗe tun daga 2015, sa'ad da ɗanta marigayi Muhammadu Buhari ya hau mulki, aka kawo kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da asibitin sojojin sama, aka aza harsashin jami'ar sufuri a 2019, aka biyo da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta nan. Gonakin da ake noma gero da wake a bakin hanyar Kano da ta Kongolam da ta Zango suka koma fulotai, dillalai suka shiga da igiya da turaku, suna yanka abin da muke kira awon igiya. Mai gona kuwa, da yake kowane taku kuɗi ne, sai ya matse hanya har ta zama lungun da jaki mai mangala zai wuce da ƙyar, ya sayar da magudanar ruwa, ya sayar da inda ya kamata a bar wa makaranta da maƙabarta, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi fatiha a watse. Duk wannan da rana tsaka ake yinsa, a bakin titi, watanni ana yi, kai kuwa kana cikin gwangwaninka a rufe. Sai bayan wani malamin firamare ya sayar da tumakin matarsa, ya ci adashi, ya sayi kwata guda a cikin wannan awo, ya haƙa harsashi, ya tayar da ɗaki biyu, sannan za ka bayyana ka sanar da shi cewa a kan hanya yake zaune. Ka zama ungozomar da ba ta zuwa sai ranar suna, ta kuma ce haihuwar ba ta yi daidai ba, a sake.

Kuka na biyu na kuɗi ne. Ban ƙi a biya ba, domin gari ba ya tsaruwa da addu'a kaɗai. Amma wanda ya yi niyyar bin ƙa'ida, ya ce shi ba zai aza bulo ba sai da takarda, zai tarar da kuɗin fom, da kuɗin awo, da kuɗin zanen gini da na amincewa da zanen, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da kuɗin rajista da na hatimi. In kuwa saye ya yi daga wani, to cinikin bai inganta a idon doka ba sai da yardar gwamna ko wanda ya wakilta, ita ma da nata kuɗin, da tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Katsina, ba sau ɗaya ba. Babu wanda ke faɗa masa jimla tun farko. Kowane tebur nasa kawai ya sani, ya kuma san hanyar tebur na gaba. Ga wata mas'ala da ta gagari masu fatawa: dokar 1978 ta ce filin birni na gwamna ne, wanda ba na birni ba kuwa ƙaramar hukuma ke bayar da shi bisa al'ada. To mutumin da filinsa yake inda gari ya ƙare gona ba ta gama farawa ba, tsakanin Daura da Sandamu, ko a bakin Mai'adua, ko gefen Baure, ɗan birni ne shi ko baƙauye? Abin da na gani dai shi ne ranar karɓa kowa na da'awarsa, ranar gyaran kwalbati kuwa maraya ne.

A cikin waɗannan kuɗaɗe akwai wanda ake karɓa da sunan raya unguwa, shi ne ya fi ba ni mamaki, domin a fiƙihun da muka karanta a zaure, wanda ya karɓi kuɗin salam wajibi ne ya kawo kaya a lokacin da aka ambata, da siffar da aka ambata. Mun biya, rasit yana cikin adaka. Amma rijiyar burtsatse mu muka haƙa, falwayar wuta mu muka saya muka kafa, lambatu kuwa karo-karo muke yi bayan sallar asuba, wanda ba shi da kuɗi ya kawo shebur. In Agusta ta yi ruwa ya rasa hanyarsa ta asali, sai ya shiga ɗakunan mutane yana nemanta.

Sannan ga sharaɗin wa'adi. Takardar mallaka kan zo da cewa a kammala gini cikin 'yan shekaru, galibi biyu, in ba haka ba ana iya karɓe filin. Wanda ya tsara wannan sharaɗi bai taɓa ganin yadda talaka ke gini ba. Bana tifar yashi, baɗi bulo ɗari biyar, in kaka ta yi kyau a kai linta, in an yi rashin lafiya a gida a tsaya shekara uku, bangon ya yi baƙi, awaki su mai da shi makwanci. A farkon 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000, magina da yawa suka nannaɗe igiyarsu suka koma gida. Mutum yana gini ya makara ka ce ya saɓa wa'adi, ya yi sauri ka ce bai jira izini ba.

Akwai kuma wani sirri naka da nake so ka warware mini, don na tambayi masu sayar da fenti a kasuwa sun ce ba su san irinka ba. Na lura ba ka kama kowane bango. A jikin katangar da ta ci rabin titi, wadda ke da baƙar ƙofa da mai gadi, ko jerin shagunan da aka dasa a bakin kwata, ko dai ba ka sauka sam, ko in ka sauka sai ka koɗe cikin kwana biyu, bayan mai wurin ya je ya yi gaisuwa. Amma a bangon bazawara mai sayar da ƙosai sai ka shekara biyar jawur, ruwan sama bai wanke ka ba, ranar bazara ba ta kashe ka ba. Ban ce komai ba, zato zunubi ne; tambaya ce ta ɗalibi a kan ɗabi'ar sinadari.

Buƙatuna ba su da yawa, ranka ya daɗe. Ina roƙon ka sauya lokacin fitarka, ka riƙa fita da rani tare da mai awo, ka riga dillali isa gona, ka shafa wa duwatsu da turaku launinka, ka ce nan hanya ce, nan ta ruwa ce, nan filin makaranta ne, alhali ba a zuba ko kwano ɗaya na siminti ba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautar nan sun san kowace gona da mai ita da inda ruwa ke bi tun zamanin Sarki Abdurrahman, in an tambaye su za su faɗa. Ina roƙon a rubuta dukkan kuɗin da ake biya a allo guda, da boko da ajami, a kafa shi inda jama'a ke wucewa, a karɓa a wuri guda a ba da rasit guda. In kuwa an karɓi kuɗin raya unguwa, damina biyu ta wuce ba a ga lambatu ba, to ina neman alfarmar a ara mana kai na yini ɗaya, da gwangwaninka da burushinka. Mun san ofishin, bangonsa fari ne ƙal, kuma akwai mai kyakkyawan rubutu a unguwarmu.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
wani mai ɗaki biyu da zaure, bayan gari, Daura.